Dakta Fatima Akilu da Damuwar 'Ya'ya Mata

Duk wanda ya biyo ta tashar Unguwa Uku a Kano da hantsi ya san su: 'yan mata ƙanana ɗauke da farantin gyaɗa ko bokitin awara, suna kutsawa tsakanin motoci. Kowa na tambayarsu nawa-nawa, ba mai tambayar me ke damunsu. Shirinmu na yau yana kan wata mata da ta mayar da wannan tambaya ta biyu sana'arta.

Dakta Fatima Akilu masaniyar halayyar ɗan Adam ce. Ta yi digirinta na uku a Jami'ar Reading ta Ingila, ta koyar a Amurka, sannan ta dawo gida. Ta rubuta littattafan yara, ta kuma yi aiki a ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro daga 2012 zuwa 2015, inda ta jagoranci shirin sauya tunanin masu tsattsauran ra'ayi. A 2016 ta kafa gidauniyar Neem.

A Borno ne aikinta ya ci karo da abin da ya girgiza mutane. Wasu matan da aka ceto daga hannun Boko Haram, bayan watanni ana ba su kulawa, sai suka sulale suka koma daji. Jama'a suka ce asiri aka yi musu. Dakta Fatima ta zauna da irin waɗannan mata, ta saurare su, ta kuma bayyana cewa a can wasunsu, musamman matan kwamandoji, sun samu iko da girma, ana jin maganarsu. A garuruwansu kuwa tsangwama ce ke jiransu, ana nuna su da yatsa, ana ƙyamar 'ya'yan da suka haifo. Wannan magana tana da ɗaci, kuma iyaye ya fi kamata su ji ta, domin yarinyar da ba a taɓa tambayar ra'ayinta a gidan ubanta ba, mugu ma zai iya sayenta da ɗan sauraron da ya yi mata.

A can Borno, Neem ta riƙa tura masu ba da shawara cikin unguwanni a Keke Napep, maimakon jiran mutane su zo asibiti. Ta kuma buɗe makarantar Lafiya Sarari a Maiduguri domin 'yan matan da rikicin ya ɗaiɗaita, inda karatu ke tafiya tare da jinyar zuciya.

Mu a nan Kano, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano yana nan kan titin Zariya, kusa da Gyaɗi-Gyaɗi, ga kuma asibitin Dawanau. A Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Sai dai har yanzu uwa da yawa a unguwa irin Tarauni, idan 'yarta ta daina magana ta daina cin abinci, tsoron kada a ce ta haukace ne ke hana ta kai ta.