Hakkin Lebura a Wurin Gini: Nazari a Fiƙihun Ijara da Dokar Ƙwadago, da Misali daga Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Tsakanin shekarar 1990 da 1992 kamfanin Julius Berger ya gina madatsar ruwa ta Challawa a ƙaramar hukumar Ƙaraye, aikin da tsawonsa ya kusa kilomita 8. A irin wannan babban aiki ba a wahalar sanin wanda ya ɗauki ma'aikaci: akwai kamfani mai rajista, akwai littafin biyan albashi, akwai kuma ƙungiyar ma'aikatan gine-gine ta ƙasa da ke zama da ƙungiyar kamfanonin gini a yanke ƙa'idojin aiki. Sai dai mafi yawan ginin da ake yi yau a Ƙaraye da Rogo da ƙauyukansu ba irin wannan ba ne. Gidaje ne, da shaguna, da masallatai, da ajujuwan Islamiyya, waɗanda ake ɗaukar ma'aikatansu da baki a bakin fili da hantsi. Da yawansu manoma ne da suka kammala girbin masara da dawa, suka ɗauki shebur da kwanon sarki don cin rani. Wannan muƙala za ta duba tambaya guda: a kan wa ladan irin wannan ma'aikaci yake, kuma yaushe yake wajaba?

Dalilin tambayar shi ne yadda aikin yake tafiya hawa-hawa. Mai gini yana ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya kira birkila, birkila ya kira leburorin da za su kwaɓa siminti su miƙa bulo. Idan kuɗi ya tsaya a sama, kowa sai ya juya ga na ƙasa da shi ya ce, "Ni ma ba a biya ni ba." Wanda ba shi da na ƙasa da zai juya wa shi ne lebura.

A tsarin gargajiya wannan matsala ba ta da wurin zama sosai. Ginin ƙasa a karkara yawanci gayya ce, wadda taimakekeniya ce ba ijara ba. A birane kuwa magina suna da shugabanci a ƙarƙashin Sarkin Magina, kuma sana'ar ta haifar da gwanaye irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Zuwan bulo da rodi da kwangila ya kawo baƙin ma'aikata da baƙin iyayen gida, ya kuma raunana sanayyar da a da take hana cin hakki.

Matsayin ma'aikacin gini a fiƙihu

Malaman fiƙihu sun ɗauki ijara a matsayin sayar da amfani, don haka suka sharɗanta mata abin da suka sharɗanta wa ciniki: lada ya zama sananne, aikin ko lokacinsa ya zama sananne. Asalinta a Alƙur'ani ya haɗa da ƙissar Annabi Musa (A.S.) a Madyana, cikin Suratul Ƙasas, aya ta 26 da 27, inda aka fayyace shekarun aiki da abin da za a bayar tun kafin a fara. Daga nan suka kasa ma'aikaci gida biyu. Akwai ajirun khas, wanda ya sayar da lokacinsa ga mutum guda, kamar leburan da aka ɗauka yini. Akwai ajirun mushtarak, wanda ya ɗauki wani aiki ayyananne, kuma yana iya karɓar na wasu, kamar maginin da aka yi jinga da shi ya kai gini linta. Kalmomin Hausa guda biyu, yini da jinga, sun riga sun ɗauke wannan rabe-rabe, ko da masu faɗarsu ba su taɓa buɗe Mukhtasar na Shehu Khalil ba.

Shi kuma ɗan kwangila, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yi bayaninsa a zamanta na 14 a Doha cikin 2003, a ƙuduri mai lamba 129. Idan shi ne ya kawo kaya da aiki, ƙullin istisna'i ne. Idan aiki kawai ya kawo, kayan na mai gini, ijara ce. Ƙudurin ya halatta masa ya ba wani ɗan kwangila wani sashe na aikin muddin ba a sharɗanta masa yi da kansa ba, amma nauyin yana nan a wuyansa.

Abin da ke fitowa daga wannan shi ne cewa hawa-hawan da aka ambata ba ƙulli ɗaya ba ne, ƙulle-ƙulle ne masu zaman kansu. Ladan lebura bashi ne a wuyan wanda ya ɗauke shi, ba a wuyan wanda bai taɓa magana da shi ba, sai fa idan mai ɗaukar wakili ne kawai na mai gini. Saboda haka jinkirin da mai gini ya yi wa ɗan kwangila ba ya sauke wa ɗan kwangila hakkin leburansa. Idan ya rataya biyan a kan fitowar kuɗinsa, to ya rataya lada a kan lokacin da ba a sani ba, wanda jahilci ne mai ɓata ƙulli. Ijarar da ta ɓaci kuwa, in an riga an yi aikin, ana biyan ladan da aka saba biyan irinsa. Idan kuma ya ce wa lebura, "Je ka wurin Alhaji ka karɓa," wannan hawala ce, kuma a mazhabar Malikiyya ba ta inganta sai da yardar leburan, da kuma tabbatar bashin a kan wanda aka tura shi gare shi. Turawar da ake yi don a kawar da mai bin bashi daga bakin ƙofa ba hawala ba ce.

Nassoshin da suka zo a nan masu tsanani ne. A hadisi ƙudusi da Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.), wanda ya ɗauki ma'aikaci ya ci gajiyar aikinsa sarai ya hana shi lada yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa taurin bashin mawadaci zalunci ne. Hadisin Ibnu Majah mai umarni da biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe shi ne ya fi yawo a bakin masu wa'azi, ko da yake malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa. Na Bukhari ya wadatar. A wajen Malikiyya lokacin biya yana bin sharaɗi ko al'ada, in babu su sai a biya kullum-kullum gwargwadon amfanin da aka ci. Al'adar Yammacin Kano kuwa sananniya ce: mai aikin yini da yamma ake sallamarsa.

Mas'aloli daga bakin fili

Lebura ya zo da safe kamar yadda aka yi alkawari, motar siminti ba ta iso ba, aka ce ya koma gida. Galibin masu gini suna ganin ba a bin su komai, tunda ba a ɗaga ko bulo guda ba. Fiƙihu bai ga haka ba. Ajirun khas yana cancantar lada da miƙa kansa, domin lokacinsa aka saya, kuma ya bar wani aikin saboda wannan. Haka Majalla ta Daular Usmaniyya ta tabbatar. Inda aka yi saɓani shi ne idan abin da ya hana aiki daga sama yake, kamar ruwan sama: an ruwaito daga Sahnun cewa gwargwadon abin da ya aikata kawai za a biya shi, wasu kuma suka ce ladan yini cikakke. Rashin kawo kaya ba daga sama yake ba, sakacin mai aiki ne.

Abin lura shi ne Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, ta faɗi kusan haka a sashe na 17: wajibi ne uban gida ya samar da aiki ga ma'aikacin da ya zo yana da lafiyar yin sa, ko ya biya shi ladan ranar, sai dai idan wani larurin gaggawa na ɗan lokaci da ya fi ƙarfinsa ne ya hana aikin, to ladan ranar farko kawai zai biya.

Mas'ala ta biyu ita ce yanke lada saboda ɓarna. Buhun siminti ya jiƙe, ko bulo ya farfashe a hannun mai ɗauka, sai a zabtare masa kuɗin yini. Ajirun khas amintacce ne, ba ya lamuni sai da ƙetare iyaka ko sakaci. Gaskiya ne Imamu Malik ya ɗora wa masu sana'a lamunin kayan mutane saboda maslaha, har Ibnu Rahhal na Maroko ya keɓe wa batun littafi, Kashful Ƙina'i. Amma Malikiyya sun ƙayyade wannan ga wanda ya kafa kansa don yi wa jama'a sana'a kuma ya tafi da kayan inda mai su ba ya gani, kamar tela da marini. Wanda ke aiki a filin mai gini ba ya cikinsu. Abin da ake kama magini da shi daban ne: idan ya yi da'awar gwanintar da ba shi da ita, ko ya rage siminti a kwaɓi, ko ya saɓa ƙa'idar sana'a har bango ya tsage. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago shi ma ya hana yanke lada a matsayin tara, bai yarda da shi a kan asara ba sai wadda ganganci ko sakaci ya jawo, kuma da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago.

Ta uku ta shafi jinga. An yi da magini zai kai gini rufi, ya kai linta aka saɓa, mai gini ya ce ba zai biya ko sisi ba tunda ba a gama ba. Wannan hukuncin ji'ala ne, wadda ba a cancantar komai a cikinta sai an kammala. To amma Malikiyya ba su yarda da ji'ala a aikin da mai bayarwa zai amfana da sashensa ba. Misalinsu shi ne haƙa rijiya a filin da mutum ya mallaka. Bangon da ya tsaya a filin Alhaji ya riga ya shiga hannunsa, ba zai ci amfaninsa kyauta ba, sai ya biya gwargwadon abin da aka gina. Ɗalibin da ke son ganin yadda magabata suka haɗa ilimin gini da hukunci ya nemi Al-I'ilan na Ibnur Rami, maginin Tunis na ƙarni na 14, wanda alƙalai suke aikawa ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu.

Akwai kuma haɗa lokaci da adadi, kamar a ce, "Ka jera bulo kaza yau, in ba ka cika ba babu lada." Abu Hanifa ya ɓata irin wannan ƙulli, sahibansa biyu suka inganta, a cikin Malikiyya ma akwai saɓani. Mafi kuɓuta a zaɓi ɗaya, ko yini ko jinga.

Inda doka ta tsaya

A takarda, lebura yana da kariya ba kaɗan ba. Sashe na 7 ya wajabta ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su cika. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa uban gida zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, kuma ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da na wucin gadi da almajirin sana'a, ko da da baki aka ɗauke shi. Amma wanda aka ɗauka kwana biyar ba ya kai wata uku, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, bai kuma shafi masu aikin jinga ba. Gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, ya keɓe shari'un ƙwadago ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a sashe na 254C. Kotun tana da reshe a birnin Kano. Mutumin Rogo da ke bin ladan kwana uku ba zai biya kuɗin mota da na lauya ya je can ba.

Haka abin yake idan an ji rauni. Wanda ya faɗo daga tsani ko daga katakon da ake tsayawa a kai wajen zuba dakin, fiƙihu yana duba sababi: idan mai aikin ya kafa ruɓaɓɓen katako yana sane, ko ya tilasta hawa inda ya san akwai haɗari ya ɓoye, lamuni yana kansa. Abin da ake kira "taimako" a ba iyalan majinyaci, a irin wannan hali, hakki ne da aka sauya wa suna.

Saboda wannan giɓi, mafi yawan irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe suna ƙarewa ne a gaban mai unguwa, ko dagaci, ko limami, ko ofishin Hisba, a ƙasar da tun 2024 take ƙarƙashin masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu. Sulhu alheri ne, amma sulhun da aka saba yi, na a ce lebura ya yafe rabi don a zauna lafiya, yana buƙatar a sake duba shi. Idan wanda ake bi ya amsa bashin kuma yana da halin biya, ya ƙi sakin rabi sai an yafe masa rabi, abin da ya riƙe bai halatta gare shi ba, ko da mai hakkin ya ce ya yafe saboda matsi.

Dokar farar hula ta Masar ta 1948, wadda Abdurrazaƙ Sanhuri ya jagoranci tsarawa, ta magance matsalar hawa-hawa a sashe na 662: ta ba ma'aikatan ɗan kwangila damar neman hakkinsu kai tsaye daga mai gini, iyakar abin da ɗan kwangilar yake bin sa. Babu abin da ya hana a samar da makamancin wannan a Ƙaraye da Rogo ta hanyar sharaɗi, tunda Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Kwamitin masallaci ko na Islamiyya da zai bayar da aikin gini yana iya rubuta a takardar yarjejeniya cewa ba za a saki kason kuɗi na gaba ba sai shaidu biyu sun tabbatar an sallami leburorin kason da ya wuce, kuma in ba a sallame su ba kwamitin zai biya su kai tsaye ya cire daga kuɗin ɗan kwangila.