Cunkoson Sama: Yadda Taro Ya Ƙosar da Garkunan Taurari, Ya Kuma Tsofar da Su

Duk makiyayin ƙasar Gumel ya san cewa inda ruwa yake nan shanu ke taruwa, kuma nan ciyawa ke fara ƙarewa. Abin da ya faɗo mini a rai ke nan wani dare a Gagarawa Tasha, bayan ɗaukewar damina, kafin ƙurar hunturu ta rufe sama. Kaza da 'Ya'yanta sun ɗago daga gabas, farar shimfiɗar nan ta taurari ta ratsa sama. Shimfiɗar garke ɗaya ce mai taurari fiye da biliyan 100, ranarmu ɗaya ce daga cikinsu. Irin wannan garke masana falaki ke kira galaksi, kuma su ma garkunan akwai na ƙauye, akwai na tsakiyar kasuwa.

Namu na ƙauye ne. Maƙwabtansa manya ba su da yawa, siffarsa kamar faifai, har yau yana haifar tauraro ɗaya ko biyu a shekara. A 1980 Alan Dressler ya auna tarukan garkuna 55, ya ga cewa duk inda cunkoso ya tsananta masu siffar faifai kan yi ƙaranci, sai garkuna masu siffar ƙwai, jajaye, waɗanda suka daina haihuwa tuntuni. Taron Koma, mai garkuna sama da 1,000, haka tsakiyarsa take, zauren dattawa.

To me ya tsofar da su? Tun 1972 James Gunn da Richard Gott suka kawo amsa guda. Tsakanin garkunan taro akwai iskar gas mai zafin miliyoyin digiri, garken da ya kutsa cikinta da gudu sai ta sheƙe masa sanyayyen haidurojin da yake ƙera taurari da shi, kamar yadda iska ke raba ƙaiƙayi da tsaba. Wannan ya bayyana abin da ke faruwa yau, amma taurarin waɗannan dattawan sun girmi tarukan da suke ciki. Ke nan an yi abin tun kafin kasuwar ta ci sosai.

Da yake haske tafiya yake yi, wanda ya hango nesa ya hango da. Sararin samaniya ya kai shekara biliyan 13.8, kuma a 2018 na'urorin ALMA da ke hamadar Atakama a ƙasar Chile suka nuna wani taro mai suna SPT2349-56 yadda yake shekara biliyan 1.4 kacal da farawar sararin samaniya. Garkuna 14 ne a matse wuri guda, kowanne yana haifar taurari ninki 50 zuwa 1,000 na abin da namu ke yi. Madubin James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, ya ƙara nisa: a 2023 aka tabbatar da garkuna 7 da suka fara haɗa taro shekara miliyan 650 da farawar sararin samaniya.

A lokacin, cunkoso ni'ima ne. Wurin da ya fi nauyi shi ya fi janyo gas, garkuna suna karo suna haɗewa, kowane karo yana matse gas ya kunna haihuwa. Sai dai mai cin rumbunsa da hannu biyu ba ya kai bazara. Gas ɗin ya ƙare da wuri, baƙin ramin da ke tsakiyar kowane babban garke ya ƙoshi ya riƙa watsa ragowar waje, kamar yadda ake gani a taron Saƙar Gizo, wanda haskensa ya yi shekara biliyan 10 a hanya.

Nan masana suka rabu. Wasu na ɗora laifin kan maƙwabtaka, wasu na cewa ƙibar garken ce ta kashe shi, don manyan garkuna kan daina haihuwa ko a keɓe suke. A ganina raba biyun wahala ce ta banza, tunda cunkoson ne ya ƙosar da su tun farko. Na fi gamsuwa da cewa manyan sun ƙone kansu ne da gaggawa, sannan zazzafar iskar taron ta tare musu hanyar sabon abinci. Ƙananan da suka iso daga baya kuwa, su iskar ta sheƙe kai tsaye.

Akwai wurin yin hattara. Garken da ke haihuwa da zafi ya fi sauƙin hange daga nesa, kamar yadda mai wucewa ta Maigatari ranar Alhamis zai fi lura da manyan bijimai, don haka wataƙila tarukan da muka gano sun fi sauran hayaniya. Auna haidurojin shi zai warware da yawa, kuma wani ɓangaren aikin a Afirka ake yinsa: farantai 64 na na'urar hangen sama ta MeerKAT da aka buɗe a Karu ta Afirka ta Kudu a 2018 sun riga sun nuna jelar gas da ake yaye wa garkunan taron Fonaks.