Curin Taurari na Omega Sentauri: Nisansa, Girmansa da Saɓanin Masana a Kan Asalinsa

A daren bazara, tsakanin Afrilu da Yuni, mai duban kudu daga Kano ko Sakkwato, idan ya nisanci hasken gari, zai iya hango wani ɗigon haske dishi-dishi. Baɗlimus ya lissafa shi a matsayin tauraro guda a littafinsa da Larabawa suka fassara da sunan Almajisɗi. A kan haka aka tafi ƙarni da dama, sai a 1677 Edmond Halley ya lura cewa ba tauraro ba ne, a 1826 kuma James Dunlop ya bayyana shi a matsayin curin taurari.

Abin da ido ke ɗauka ɗaya, taurari ne kimanin miliyan 10, waɗanda ƙarfin janyayya ya dunƙule su kamar curin fura. Nisansa ya kai kusan shekarar haske 17,000, wato tafiyar da haske, mai gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, zai yi cikin waɗannan shekaru. Faɗinsa kuwa kusan shekarar haske 150 ne, kuma duk cikin Majarra, wato babban gungun taurarin da ranarmu take ciki, babu curi mai girmansa. A tsakiyarsa tazarar tauraro da maƙwabcinsa ba ta wuce ushirin shekarar haske ba, alhali tauraro mafi kusa da rana ya haura shekarar haske 4.

Kada a rikita shi da Surayya, wadda Hausawa ke kira kaza da 'ya'yanta. Ita tarin samarin taurari ce, masu shekara kimanin miliyan 100. Nasa kuwa sun kai biliyan 12 a ƙiyasin masana falaki.

Inda aka yi saɓani shi ne asalinsa. Galibin irin waɗannan curi taurarinsu kusan sa'o'in juna ne, amma nasa sun bambanta a shekaru da yawan ƙarfen da ke jikinsu. Wannan ya sa da yawa suka rinjayar da cewa ragowar cibiyar wata ƙaramar majarra ce da tamu ta haɗiye. A 2024 hotunan na'urar Hubble sun nuna taurari 7 a tsakiyarsa suna gudun da ya isa ya fizge su waje, amma ba su fita ba. Masu binciken sun fassara hakan da samuwar baƙin rami mai nauyin rana 8,200 aƙalla. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai ba ta kai matsayin yaƙini ba, domin wasu na ganin tarin ƙananan baƙaƙen ramuka ma zai iya bayyana wani ɓangare na wannan nauyi.