Awon jinin safe, da abin da muke ɓoye wa likita

A saman kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka mai nauyin kimanin giram 5, wadda likitoci ke kira adirenal. Ita ke fitar da sinadarin kortizol, mai tallafe ƙarfin jini da sukarin jiki, musamman lokacin zazzaɓi, haihuwa ko tiyata. Tun a 1855 likita Thomas Addison na Landan ya bayyana halin da mutum ke shiga idan ta gaza: kasala, rama, jiri da amai.

Da safe ake ɗibar jinin awon, wajen ƙarfe 8, domin a lokacin ne kortizol ke cika, kana ya yi ta raguwa har tsakar dare. In sakamako ya bar shakka, akan yi allurar Synacthen, a sake ɗiba bayan minti 30 ko 60.

A gidajenmu kuwa, kunya ce ke ɓata awon. Da yawa daga mayukan haska fata na ɗauke da kilobetazol, wasu ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe" kuma deksametazon ne. Jiki na karɓar su tamkar kortizol, sai adirenal ta kwanta barci. Uwargida ko amarya ta yi shiru, likita ya shiga laluben ciwo inda babu shi. Mafi haɗari shi ne ta tsorata ta daina farat ɗaya bayan dogon amfani: jini na iya faɗuwa har a suma, wani lokaci a rasa rai.

Mu tafi da kwalin maganin ko na man a hannu. Likita ne zai tsara yadda za a rage shi sannu a hankali, cikin makonni ko watanni.