Wa Ke Da Izinin Shiga Kasuwar Wutar Lantarki?

Masu karatu, da yawa daga cikinmu ba su san kowa ba a harkar lantarki in ban da ECG, ko NEDCo ga 'yan uwanmu na Arewa, domin su ke sayar mana da wuta. Alhali kuwa waɗannan 'yan kiri ne. Akwai wata kasuwa ta sari a bayansu, inda masu tashoshin wuta ke sayarwa, masu rabawa da manyan ma'aikatu irin na haƙar zinari ke saye. Kasuwar nan tana da ƙofa, kuma abin da aka yi a bakin ƙofar shi ne ke biyo mu har cikin zango.

Da can babu wata kasuwa. VRA, wadda aka kafa a 1961, ita ke da madatsar ruwa ta Akosombo, ita ke da manyan wayoyin da ke ɗauko wutar. A 1997 majalisa ta kafa hukumomi biyu: PURC mai yanka farashi, da Hukumar Makamashi mai ba da lasisi. Daga baya aka raba VRA da manyan wayoyi aka miƙa wa GRIDCo, wanda ya fara aiki a 2008, don kada mai tasha ya zama shi ne mai hanya, ya tare wa abokan gasarsa. Wannan dabara ce mai kyau. Ba a ba mahauci ɗaya makullin mayanka.

A ƙa'ida, duk mai son kafa tasha sai ya bi matakai: lasisin wucin gadi, izinin fili, izinin gini, sa'an nan izinin fara aiki. Amma takarda ba ta gina tasha. Abin da banki ke dubawa kafin ya ba da rance shi ne yarjejeniyar sayen wuta, watau alkawarin wanda zai saya na shekara da shekaru. To, a nan gizo ke saƙar.

A 2012 angar wani jirgin ruwa ta fasa bututun gas da ke zuwa daga Nijeriya, a gaɓar Togo, ruwan Akosombo kuma ya yi ta ja baya. Aka shiga dumsor, wanda telolinmu da masu walda da masu injin niƙa ba za su manta ba. Cikin gaggawa aka wangale ƙofa. Aka ƙulla yarjejeniyoyi da kamfanoni masu zaman kansu, galibi ba tare da gasar farashi ba. Har jirgin ruwa mai tashar wuta na kamfanin Karpowership ya iso Tema daga Turkiyya a 2015. Yawancin yarjejeniyoyin na "ko ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba, sai ka biya" ne, kuma da dala. Kamar ka yi hayar motoci goma ne na shekara ashirin, kaya kuwa na mota shida gare ka.

Ban ga laifin ɗan kasuwa da ya nemi wannan sharaɗi ba, don babu mai zuba miliyoyi a inda ba shi da tabbas. Tambayata ga masu tsaron ƙofa ce: wa ke ƙidaya waɗanda suka shiga? A 2019 ministan kuɗi na lokacin, Ken Ofori-Atta, ya shaida wa majalisa cewa tashoshin ƙasar nan na iya ba da megawat 5,083, alhali buƙata ba ta wuce kimanin 2,700 ba, kuma ana biyan sama da sidi biliyan 2.5 kowace shekara don wutar da ba a sha ba.

Da aka farga sai aka rufe ƙofa ruf. Tun 2017 Hukumar Makamashi ta daina ba da sabon lasisi ga manyan tashoshin hasken rana da na iska, bayan ta ba da na wucin gadi sama da 100 amma 'yan ƙalilan ne suka gina wani abu. Sai a 2023 ta sassauta. Cikin shekarun nan kuwa farashin allunan sola ya faɗi ƙwarai a duniya, ga rana tana dukan Arewa a banza. Masu tsada suna ciki da takardarsu a hannu, mai araha yana waje.

Bashi dai bai tafi ba. A watan Oktoba na 2024 kamfanin Sunon Asogli ya kashe tasharsa mai megawat 560 da ke Kpone saboda kuɗin da yake bin ECG, dala miliyan 259. A 2025 aka ƙara harajin sidi ɗaya a kan kowace litar fetur da gas na mota don biyan basussukan makamashi. Watau direban trotro a Nima da ɗan okada a Ashaiman suna biyan kuɗin yarjejeniyar da ba su taɓa gani ba.

A ganina, duk tashar da za a ƙara, a fara sanar da yawan wutar da ake buƙata, kamfanoni su yi tayi a bainar jama'a, a buga farashin wanda ya ci. PURC takan kira taron jin ra'ayin jama'a kafin ta yi babban canjin farashi, kuma ƙungiyoyin masu sana'a na zango suna da damar tura wakili ya tambayi nawa ne a cikin kuɗin wuta ke tafiya ga tashoshin da ke zaune ba aiki.