Huji a Ganyen Waken Soya: Yaushe Yake Zama Asara?

'Yan uwa ɗalibai da iyayenmu, duk wanda ya zaga Ikara, Makarfi ko Kudan a watan Agusta zai ga gonakin waken soya sun yi kore shar. Amma in ka matsa kusa, sai ka tarar fara da tsutsa sun huhhuda ganye. Nan take hankalin mai gona ya tashi, sai kasuwa neman maganin feshi. To, shin kowane huji asara ne?

Ganye shi ne madafar shuka. Da hasken rana da iska da ruwa yake haɗa abincin da ke cika ƙwaya. Sai dai waken soya yakan yi ganye fiye da buƙatarsa. In aka huda na sama, rana takan ratsa ta kai ga na ƙasa, su ma su kama aiki, ga kuma sabon toho. Shi ya sa masana noma suka ce kafin fure, ko an cinye kusan kashi 30 cikin 100 na ganyen, amfanin ba ya raguwa sosai.

Amma fa da zarar ya yi fure ya fara 'ya'ya, magana ta canza. Toho ya ja baya, ƙwaya kuwa tana jan abinci. A lokacin nan in ɓarna ta kai kashi 20, ƙwaya za ta fito ƙanana, buhu ya yi rashin nauyi.

Ido yana da ruɗi, yakan ga ɓarna fiye da yadda take. Don haka kada a tsaya a bakin gona, inda fara ta fi ci. A shiga ciki wurare daban-daban, a tsinko ganyen sama da na tsakiya da na ƙasa, a kimanta abin da aka ci. A kuma duba koren ƙwaron nan mai wari da ke tsotse ƙwaya cikin kwanso. Ba ya huda ganye, amma ɓarnarsa takan fi.

Feshi ba bisa ƙa'ida ba asarar kuɗi ne, yana kuma kashe gizo-gizo da zanzaro masu cin tsutsa. Kafin a saya, a tuntuɓi malamin gona, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Ku kuma yara, feshi aikin manya ne, kuma ba a zuba ruwan sha a galan ɗin magani ko an wanke shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.