Wa Ya Kakkaɓo Taurarin Starlink?

Ranar 3 ga Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin ɗan'adam 49 na Starlink daga jihar Florida ta Amurka. Ba a jima ba 38 daga cikinsu suka rikito, suna ƙonewa tun kafin su iso ƙasa.

Rokar da ta kai su ce za a fara zargi. Amma rokar, Falcon 9, ta sauke kayanta daidai inda aka aike ta, a falakin da ke kusantar ƙasa har zuwa kilomita 210. Su ma taurarin lafiyarsu ƙalau, suna amsa umarni.

Bayanan GPS ne suka fara tona asiri: jan da iska ke musu ya ƙaru har zuwa kashi 50 cikin 100. Iskar can sama ba ta taka kara ta karya ba, amma ga mai gudun kusan kilomita 8 a daƙiƙa, ta isa ta taka masa birki. Injiniyoyi suka juya taurarin suka ba iska gefe don rage gogayya. Bai hana ba.

To, me ya ƙara wa iskar kauri? A ƙarshen Janairu rana ta feso burbushi masu caji, suka zo suka girgiza maganaɗisun duniya. Sai dai wannan guguwar maganaɗisu ƙarama ce, matakin G1, mafi rauni cikin biyar. Ta yaya za ta yi wannan ɓarna?

Amsar tana can ƙuryar arewa da ta kudu, inda maganaɗisun ke zuba wannan ƙarfi. A tsayin kilomita 100 zuwa 150 lantarki yana ratsa iska, yana ɗumama ta kamar yadda wayar hita ke yin ja. Iska ta kumbura, mai kaurin da ke ƙasa ta hau sama.

Saura ƙulli ɗaya: taurarin ba su bi ta ƙuryoyin ba, hanyarsu ba ta wuce wajen digiri 53 daga tsakiyar duniya ba. Ashe zafin ba ya zama wuri ɗaya. Igiyoyin iska suna ɗauke shi zuwa tsakiyar duniya cikin 'yan sa'o'i. Kafin ma iskar ta huce, guguwa ta biyu ta biyo baya washegari.

A harbin 21 ga watan, SpaceX ya rage kaya zuwa taurari 46, ya kai su sama da kilomita 300.